Allon bakin ƙofa ya ce 1984, dattawa sun ce a'a: yaushe aka kafa sakandaren garinmu?

Ɗan_Auta:
Assalamu alaikum. Iyaye da yayye na wannan zaure, barkanmu da warhaka. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ɗora mini rubuta tarihin sakandaren jeka-ka-dawo ta garinmu, don a karanta a taron da za mu yi bayan Babbar Sallah. Yau sati uku ke nan ban wuce layin farko ba, domin na rasa shekarar da zan ce an kafa ta.

Allon da ke bakin ƙofa 1984 ya ce. Mahaifina kuwa, wanda da ƙafarsa aka kwaɓa ƙasar ginin farko, ya ce sam. Hujjarsa ita ce malamin lissafi na farko mutumin Ghana ne, a zauren kakanmu ya zauna, kuma yana cikin baƙin da gwamnatin Shagari ta sallama a farkon 1983. To ta yaya mutum zai koyar a makarantar da ba a kafa ba?

Na je wurin shugaban makaranta, ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka buɗe mini sito. Rajistar ɗaukar ɗalibai ta farko gara ta cinye fiye da rabinta. Logbuk ɗin da ya fi tsufa kuma daga bayan da aka cire mu daga Kano aka ba mu Jigawa ya fara. Abin da ya gabaci wannan babu shi.

Don Allah duk wanda ya san wani abu, ko ya gani da idonsa ko ya ji daga bakin manya, ya taimaka. Ko ba ɗan garinmu ba ne, idan taku makarantar ta bi irin wannan hanya, ina so in ji.

Tsohon_Monita:
Wa alaikumus salam. Ɗana, babanka ya fi allon gaskiya. Ina cikin rukunin farko, kuma ni ne monita.

Mu ne 'yan UPE, shirin firamare kyauta ga kowa. A 1976, zamanin Obasanjo na soja, aka ce kowane yaro a kai shi firamare kyauta. Dagaci ya bi gida-gida, a ce ka ɗora hannu bisa kai ka taɓo kunne, in ka taɓo an rubuta ka. Muka gama aji shida a 1982. Kafin mu, yaro ɗaya ne ko biyu kan ci jarrabawar shiga sakandare a shekara, sai a ɗaura masa akwatin ƙarfe a kai shi makarantar kwana a Haɗeja ko Birnin Kudu ko Kazaure. Mu kuwa mun fito tuli guda, makarantun kwana ba za su iya ɗauke mu ba. Shi ne dattawa suka taru a ƙofar dagaci suka ce ba za a bar yaran nan su koma kiwo ba bayan shekara shida.

A firamare muka fara, aji biyu aka ara mana. 'Yan firamare su tashi, mu shiga bayan azahar, mu tashi dab da magariba. Malamai uku: ɗan Ghanan da ka ambata, da wani mai Grade II, wato takardar shaidar malanta, da aka aro daga firamare, da malamin Arabiyya ɗan gari wanda bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a cikinsu.

Hajiyar_Kanti:
Amin ya Allah. Yaya Monita, ka tuna mini da taɓa kunne. Ni sai da aka mayar da ni gida sau ɗaya, hannun bai kai ba.

Malam_Mai_Alli:
Ɗan_Auta, shekara 35 na yi ina koyarwa, rabinsu a irin waɗannan makarantu, kuma ina gaya maka da allon da mahaifinka babu maƙaryaci. Makarantar ƙauye takan sami ranar haihuwa har uku. Akwai ranar da aka fara zaunar da yara aka ɗauki alli. Akwai ranar da gwamnati ta amince da ita, ta turo shugaba da malaman da take biya. Akwai kuma ranar da hukumar jarrabawa ta ba ta lambar cibiya, har ɗalibai suka daina zuwa wani gari rubuta jarrabawar fita. Mai rubuta allo ta biyun yake ɗauka, domin ita ce ke da takarda da hatimi.

Littattafai uku za ka nema. Logbuk, inda shugaba ke rubuta duk abin da ya faru: zuwan sufeto, rasuwar ɗalibi, iskar da ta yaye kwano. Sai rajistar ɗauka, wadda ke ba kowane yaro lamba tun daga 001. Sai littafin baƙi. Rabin rajistar nan da gara ta bari kada ka raina shi. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka tun yau, sannan ka duba lamba mafi ƙanƙanta da ta tsira da shekarar da ke gefenta. Daga nan kana iya ƙirgawa baya.

Tsohon_Monita:
Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya yi. Amma in aka tsaya a ta biyun, mu da muka zauna a kan tabarma shekara biyu ina aka ajiye mu?

Mai_Gaskiya_Dutse:
Ku yi haƙuri, ni dai ina ganin ɓata lokaci ne. Watan jiya na je gida na leƙa makarantar. Aji biyu babu rufi tun iskar bara, yara a ƙasa suke zaune, malamin Turanci ɗaya ne tun daga aji ɗaya har aji shida. Mu kuma muna nan muna jayayya a kan 82 ne ko 84. Ko an ce 1960 ne, zai mayar da kwano? A tara kuɗi a yi gyara, tarihi ya jira.

Uwar_Biyu:
Ƙanena Mai_Gaskiya, zan dawo kanka. Bari in fara da Ɗan_Auta.

Duk wanda ya yi magana zuwa yanzu maza ya lissafa. Gayyar da mahaifinka ya yi, wa ya kawo ruwan da aka kwaɓa ƙasar? Rani ne, rijiyar gari gaba nawa ce kowa ya sani. Tsofaffin mata da 'yan mata ne suka yi ta jigila da tulu tun asuba har rana ta take. Kakata tana ciki. Matan aure da ba sa fita kuma su suka yi ta dama kunu da fura ana kai wa masu aiki. Da kaka ta yi, kowane magidanci ya ba da damin gero aka sayar aka sayi kwano da ƙusa, kuma matan ne suka sussuka shi.

Abin da ke ci mini rai, su suka ɗebi ruwan amma 'ya'yansu mata ba su shiga ajin ba. Shekaru aka yi babu mace ko ɗaya. Mu ne na farko da muka kai aji uku muka rubuta jarrabawa, kuma sai da malamin Arabiyyan nan da Yaya Monita ya ambata ya je har zauren babana sau uku kafin ya yarda. Benci ɗaya aka ware mana a baya ta wajen taga. Ƙawayena duk an ɗaura musu aure kafin sakamako ya fito. Ni kaɗai na ci gaba, yau ina aikin ungozoma, kuma yawancin yaran da ke makarantar yanzu a hannuna aka haife su.

In za ka rubuta, ka rubuta shekarar da mace ta fara zama a aji. Ita ma ranar kafuwa ce.

Ɗan_Auta:
Anti Uwar_Biyu, wallahi ban taɓa jin zancen ruwan nan ba, ko a gidanmu. Zan zo har gida in zauna da ke in kin ba ni lokaci.

Bakatsine_77:
Ni ba ɗan garinku ba ne, amma kamar labarin tamu ake bayarwa. Abin da na lura, manyan makarantu kowa ya haddace tarihinsu. Yaro ma ya san Barewa daga Kwalejin Katsina ta samo asali a 1921, ta koma Kaduna, sannan Zariya, kuma Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Katsinan suka yi karatu. Rumfa ta Kano 1927. Makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa 1909. Amma malaman firamare da ma'aikatan asibiti da 'yan sandan da ke riƙe da ƙananan hukumominmu yau, kaɗan ne daga cikinsu suka ga ƙofar Barewa. Daga irin makarantarku suka fito, kuma babu mai rubuta komai a kansu.

Injiniya_BK:
Ƙarin haske kan abin da Bakatsine ya faɗa. Akwai dalilin da ya sa ba a jin sunan ƙananan makarantu a tsohuwar Kano. Tun 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka ƙara irin su Kafin Hausa da ta 'yan mata a Taura. Jarrabawa ake yi a tsince masu ƙoƙari daga ko'ina a kai su can. Ni haka aka ɗauke ni daga makarantar garinmu. Yau in aka tambaye ni inda na yi sakandare, sunan ta kimiyya nake faɗa, alhali wanda ya koya mini lissafin da na ci jarrabawar da shi yana ƙauye, a ajin da babu ƙofa. Tsarin ya fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa, ba na musun haka. Sai dai ƙauye ne ya yi shuka, wasu suka yi girbi. Ɗan_Auta, ka sa mu cikin lissafin tsofaffin ɗalibai, ko ba a nan muka ƙarasa ba.

Malam_Mai_Alli:
Injiniya ya faɗi gaskiya. Kowace shekara sai mu ga an kwashe mana na gaba-gaban aji, mu yi murna da baki, zuciya kuwa tana ciwo.

Gyara ɗaya ga masu cewa aji ɗaya zuwa shida. Da farko shekara biyar ake yi, fom wan zuwa fom fayif. Tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, a 1982 aka ƙaddamar da shi, amma ba rana ɗaya kowace jiha ta shiga ba. Don haka Ɗan_Auta ka tambayi rukunin farko: biyar suka yi, ko uku suka yi aka tura su wani gari? Amsar za ta nuna maka ko makarantar ƙaramar sakandare ce da farko.

Tsohon_Monita:
Mu shekara biyar muka yi, Malam. Amma jarrabawar fita a hedikwatar ƙaramar hukuma muka rubuta. Kowa ya ɗauki tabarmarsa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, muka tare a wani zaure har aka gama.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ina bin wannan magana da sha'awa. Wurinmu a Nijar CEG muke ce wa irin wannan lakwal, wato makaranta, shekara huɗu ake yi a rubuta jarrabawar fita ta BEPC. Da yawa a karkara da rumfar zana suke farawa, iyaye su kafa bayan an yi girbi, damina ta zo ta rushe. Shi ya sa karatu ba ya kankama sai kara ya samu. Rumfunan nan kuma akwai haɗari: a watan Nuwamba na 2021 gobara ta tashi a wata firamare a nan Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Ku da iyayenku suka yi muku ginin ƙasa tun farko, ku gode musu.

Shekarar 1984 da kuke ta faɗa mu ma ba mu mance ta ba. Fari aka yi, ga iyaka a rufe zamanin Buhari na soja, har yunwar ta sami suna El Buhari a bakin mutanenmu.

Hajiyar_Kanti:
Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba iyayensu haƙuri. Ɗan_Maraɗi, maganarka ta tuna mini wani abu. A shekarar ce aka yi canjin kuɗi, cikin watan Afrilu, aka sauya launin takardun naira. Babana yana cikin leburorin da suka yi ginin bulo na gwamnati, mai aji uku da ofis, wanda ke fuskantar titi. Ya sha ba mu labarin cewa da sababbin kuɗi aka biya su, har mai shayi ya tsaya yana jujjuya takardar. To in haka ne, 1984 shekarar ginin bulo ce. Ginin ƙasa na gayya yana bayansa, ya riga shi.

Ɗan_Auta:
Hajiya, wannan ya warware mini ƙulli babba. Ke nan aron aji a firamare, sai ginin gayya, sai na bulo. Ginin ƙasan nan ne ya rushe ya zama tudun da ke bayan ɗakin malamai?

Hajiyar_Kanti:
Shi ne. Inda ake tara shara yanzu.

Uwar_Biyu:
Na ce zan dawo kanka, Mai_Gaskiya. Ka san filin ƙwallo ya kai har bakin tsamiya a da? Je ka duba yau, gonaki sun ci kusan rabinsa. Ranar da kwamitin makaranta ya je gaban hakimi, tambaya ɗaya aka yi musu: ina takardar da ta nuna iyaka, kuma su wa suka shaida kyautar filin? Babu mai amsa. Dattawan da suka taka iyakar da ƙafarsu saura biyu a raye, ɗaya ma ba ya ji sosai. In suka tafi ba a rubuta ba, kwanon da kake son a saya a kan filin wa za a kafa shi?

Mai_Gaskiya_Dutse:
Yaya, na karɓi wannan. Ban san zancen fili ya kai haka ba. Amma ina nan a kan bakana ta fuska ɗaya: kada a yi taro a karanta tarihi a ci shinkafa a watse. In za a buga ɗan littafi, a sayar, kuɗin ya tafi rufi. Ni na ɗauki bandir ɗaya na kwano.

Jikan_Sarkin_Noma:
Tunda an zo maganar fili, kowa ya san kakana ne ya ba da gonarsa. Kada a rubuta wani suna daban kamar yadda aka so yi a taron bara.

Ɗan_Gangare:
Ba haka ba ne. Gonaki biyu aka haɗa, ta gabas tamu ce. A tambayi dattawa.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a, a yi haƙuri. Ba a kama sunan kowa a nan, kuma maganar gado ba a waya ake yanke ta ba. Ɗan_Auta, ka je wa gidajen biyu, ka ji daga kowanne, ka rubuta yadda suka faɗa. Mu koma kan makaranta.

Kofa_Daga_Jos:
Gaisuwa ga kowa. Ni bautar ƙasa ta kai ni wata makarantar ƙauye a yankinku, ba lallai taku ba ce. Fiziks aka ba ni, da na isa aka ƙara mini kemistiri da lissafi saboda babu kowa. Wata rana maigadi ya buɗe mini wani ɗaki, sai ga akwatunan katako cike da injinan koyon sana'a, na aikin kafinta da na ƙarfe, wasu ko ledarsu ba a cire ba, tsatsa ta gama da su. Kayan da aka shigo da su ne daga ƙasashen waje saboda darasin intiro-tek, wato koyon fasaha da sana'ar hannu, na tsarin 6-3-3-4. An kai su inda babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da aka koya wa sarrafa su. Na daɗe tsaye a ɗakin nan. Yaran da nake koyarwa rabinsu da an gama jarrabawa ci-rani suke tafiya, ga abin da zai ba su sana'a yana ruɓewa a bayan ajinsu.

Ɗan_Auta, in akwai irin ɗakin a taku, shi ma tarihi ne, kada ka tsallake shi don ba shi da daɗin ji.

Malam_Mai_Alli:
Akwai shi kusan ko'ina, ɗana. Kuma ku 'yan bautar ƙasa ku kuka riƙe mana darussan kimiyya bayan tafiyar baƙi. A shekarun 1970 da farkon 1980 makarantun Arewa cike suke da malamai 'yan Indiya da Pakistan da Masar da Ghana. Da tattalin arziki ya karye, naira ta faɗi bayan SAP, shirin tsuke bakin aljihu na 1986, albashin ya daina yi musu amfani, suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ƙauye shi ya fara jin raɗaɗin.

Wani abu kuma da zai rikita ka, Ɗan_Auta, shi ne suna. Bayan dokar UBE, ta ilimin bai-ɗaya, ta 2004 an raba ƙaramar sakandare da babba a wurare da yawa, kowace da shugabanta, ko da a harabar guda suke. Ga kuma rabuwar jiha a ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da fayiloli suka bar Kano zuwa Dutse. Kana iya tarar da makarantarku da suna biyu ko uku a takardu. In ka shiga Kano ka leƙa Gidan Ɗan Hausa, inda hukumar tarihi da al'adu take, ka tambaya. Amma kada ka sa rai da yawa a kan takarda. Mafi yawan abin da kake nema yana bakin mutane.

'Yar_Aji_Shida:
Ina wuni iyayena. Ni yanzu nake aji shida a makarantar. Ban san an taɓa yin ginin ƙasa ba, kullum muna wucewa ta tudun nan. Abin da ke damunmu yanzu shi ne JAMB, tunda da kwamfuta ake yi, kuma yawancinmu ba mu taɓa riƙe linzaminta ba sai ranar jarrabawa. Da damina kuma ajinmu rabi ne ke zuwa, maza suna gona, ranar kasuwa ma haka. Don Allah in an zo taron a shigo azuzuwa a gan mu, kada a tsaya a rumfar baƙi.

Injiniya_BK:
'Yata, an ji. Ina da tsofaffin kwamfutoci biyu a ofis masu aiki. Matsalar wuta ce, sai mun yi maganar sola da shugabanku. Mai_Gaskiya, ka neme ni ta akwatin sirri mu haɗa lissafi.

Bakatsine_77:
Ku gode wa Allah taku ta jeka-ka-dawo ce. Da can muna ganin ta kwana ta fi daraja. Tun daga abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, da aka kwashe yara fiye da 300 cikin dare, iyaye da yawa a wajenmu sun fi son yaro ya kwana a gabansu. Ƙananan makarantun da ake rainawa su suka karɓi yaran da aka dawo da su gida.

Tsohon_Monita:
Duk na karanta. Ina girmama Malam_Mai_Alli, kuma Hajiya ta kawo hujja mai ƙarfi a kan ginin bulo. Amma ni har gobe 1982 zan ce. Makaranta yara ne da malami. Ranar da ɗan Ghanan nan ya rubuta lissafi a allon aro muka kwafa, ranar aka kafa ta. Ranar da zai tafi har tasha muka raka shi, yana riƙe da jaka ɗaya, ya bar mana littattafansa a zauren kakan Ɗan_Auta. In aka ce 1984, an share shi ke nan.

Malam_Mai_Alli:
Ban ƙi ba, Alhaji. Sai dai duk takardar da za ta je gaban hukuma, kamar ta maganar fili, dole ta dace da abin da ke fayil. A ɗan littafinku kuwa ku rubuta duka, kowace shekara da abin da ya faru a cikinta.

Uwar_Biyu:
Har da tamu shekarar.

Ɗan_Auta:
Na gode ƙwarai, iyayena. Na ɗauki hoton rajistar jiya kamar yadda Malam ya ce. Ranar Juma'a bayan an sauko zan je wurin tsohon maigadi, an ce tun ginin ƙasa yake wurin, daga nan in wuce gidajen biyu na masu fili. Baba Monita, littattafan da ka ce an bari a zaurenmu, na tambayi mahaifina ya ce akwai wata adaka a ɗakin kakata da ba a buɗe ba tun rasuwarta. Gobe za mu duba.

Hajiyar_Kanti:
In ka je wurin maigadi ka tambaye shi wilin motar da aka rataye a darbejiya ana bugawa a matsayin ƙararrawa. Na firamare ne aka ɗauko, ko na makarantar ne tun asali? Mu a zamaninmu har gona ake jin sa.

Tsohon_Monita:
Na firamare ne. Ni na ɗauko shi a ka ranar da muka tare a ginin gayya, hedimasta ya biyo ni har bakin hanya yana cewa aro ne.